Gajiyar da ba ta tafiya ko an yi barci: wace cuta ce, kuma yaushe ya kamata a tafi asibiti?

Malamar firamare, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da ta duk wanda ya taɓa fama da irin abin da nake fama da shi. Shekaruna 34, ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin birnin Katsina, kuma na haifi ɗana na biyar 'yan watannin da suka wuce. Tun kafin in yi arba'in nake jin wata irin kasala da ban san ta ba a haihuwata ta baya, kuma maimakon ta ragu sai ƙaruwa take yi. Ina kwanciya da wuri, yaron ba mai yawan rigimar dare ba ne, amma da asuba nakan tashi kamar wadda ta wuni tana surfe. Idan na ɗauko bokitin ruwa daga bakin famfo zuwa madafa sai na tsaya na huta, zuciyata tana bugawa da sauri, wani lokaci kuma idan na ɗago daga sujada sai in ga duhu-duhu. A aji, kafin in gama rubuta darasi ɗaya a allo hannuna ya mutu, sai in nemi kujera.

Surukata tana ganin jegon ne bai yi kyau ba, wata maƙwabciya ta ce shawara ce, wata kuma ta ce sanyi ne ya kama ni. Na je wani ƙaramin ɗakin gwaji aka ce taifot ne da maleriya, aka yi mini allurai aka ƙara mini ruwa, na ɗan ji dama-dama na kwana kaɗan, sannan abin ya dawo yadda yake. Yanzu haɗin maganin gajiya nake saya a kemis ɗin unguwa, wanda yakan riƙe ni rabin wuni. Wani abu kuma da ban sani ba ko yana da alaƙa da wannan shi ne, na kamu da son tauna ƙanƙara da cin farar ƙasa, alhali ba ni da ciki. Na zubar da jini sosai a wannan haihuwa, amma ba a ƙara mini ba.

Maigidana ya yarda in je asibiti, sai dai kowa ya san halin da ake ciki, ba ma son mu kashe abin da ke hannunmu a kan gwaje-gwajen da ba su ne ba. Waɗanne cututtuka ne ke kawo gajiyar da ba ta ƙarewa, wane gwaji ya kamata a fara yi, kuma wace alama ce idan mutum ya gani bai kamata ya jira wayewar gari ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohuwar ungozomar asibiti, Daura:

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya yaro, ya ba ki lafiya. Na yi aikin karɓar haihuwa har na yi ritaya, kuma abin da kika zayyana na ji shi a bakin mata da yawa. Ba zan iya yanke hukunci ba tare da an gwada ki ba, amma abin da ya fara zo mini a rai shi ne ƙarancin jini, kuma ke da kanki kin kawo dalilansa: haihuwa biyar, zubar jini mai yawa a ta ƙarshe, haki a kan ƙaramin aiki, bugun zuciya da sauri, jiri idan kin miƙe, ga kuma ƙanƙara da farar ƙasa. Wannan sha'awa ta cin abin da ba abinci ba sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Mata da yawa suna ɓoye ta don kunya, kuma kin kyauta da kika faɗa. Ita kanta farar ƙasar tana ƙara dagula lamarin, domin tana hana hanji tsotse ɗan ƙarfen da ke cikin abinci.

Yadda abin yake shi ne, jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu su kai ta ga tsoka da ƙwaƙwalwa, kuma sinadarin da ke wannan dako a cikinsu da ƙarfe ake gina shi. Kowane ciki yana cinye ƙarfen da uwa ta tara, haihuwa kuma ta tafi da wani a cikin jinin da aka zubar. Idan ciki ya biyo ciki ba tare da hutu ba, jiki ba ya samun damar mayar da abin da ya tafi, shi ya sa ake shawartar mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani. Idan jinin ya yi ƙasa, dole zuciya ta ƙara gudu domin ta isar da ɗan abin da ya rage, kuma wannan ne bugun da kike ji idan kin ɗauki bokiti.

Ki tsaya gaban madubi da rana, ki ja fatar idonki ta ƙasa ki duba cikinta, sannan ki haɗa tafin hannunki da na wata mai lafiya a gidan ki gani. Idan naki ya yi fari fat, alama ce, amma ko bai yi ba kada ki ce kin tsira, domin ido yana yaudara. Awon jini ne kawai ke tabbatarwa, wanda a asibitocinmu aka fi sani da PCV, kuma yana cikin gwaje-gwaje mafi araha. Ko a asibitin sha-ka-tafi da yawa ana yin sa, kuma a ranar ake ba da sakamako.

Game da abinci, hanta da jan nama da kifi su ne kan gaba, sai wake da ganyaye irin su zogale da alayyahu da rama, waɗanda ba su fi ƙarfin talaka ba. Idan kika ci kwaɗon zogale ko ɗanwake, ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuma akasin haka yake yi, don haka ki raba shi da abinci da awa ɗaya ko biyu. Na san yadda muke da shayi da burodin safe, amma mai ƙarancin jini sai ta yi haƙuri. Duk da haka, idan jinin ya riga ya yi ƙasa sosai abinci kaɗai ba zai cike giɓin da wuri ba, sai an haɗa da ƙwayoyin ƙarin jini na asibiti.

Akwai tambaya guda da nake so ki amsa mini da gaskiya, 'yata, domin ita ta fi damuna. Kina iya kwanciya rigingine a kan matashi ɗaya ki yi barci, ko sai kin tara matasai, ko kin jingina da bango? Kina farkawa cikin dare numfashi yana neman ɗaukewa, ko kina tari idan kin kwanta? Ƙafafunki suna kumbura, har idan kin danna da yatsa wurin ya lotsa? Idan amsar ɗaya daga cikinsu e ce, to ba maganar ƙarancin jini kaɗai ake yi ba, ana maganar zuciya ne, kuma yau ya kamata a kai ki asibiti.

Ɗan kasuwar hatsi, Daura:

Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma zan ba da labarin abin da ya same ni, ko wani zai amfana. Na daɗe ina jin gajiya a rumfa, har ta kai ina barci a zaune a kan buhu da hantsi, masu saye suna tashina. Na ɗauka zirga-zirgar kasuwannin ƙauye ce, daga Mai'aduwa zuwa sauran wurare, da kuma shekaru da suka fara ja. Abin da ya biyo baya shi ne ƙishirwa wadda ba ta jin ruwa, da tashi fitsari sau da yawa cikin dare, sannan wandunana suka fara yi mini yawa alhali ina cin abinci fiye da da. Wani ɗan'uwana ne ya lura cewa tururuwa na taruwa a inda nake fitsari a bayan rumfa, ya matsa mini muka tafi asibiti. Da aka ɗiga jinina a kan ɗan na'urar nan aka ga sugan ya hau ƙwarai, aka ce in dawo washegari ban karya ba a sake gwadawa, aka tabbatar ciwon suga ne.

Tun da aka ɗora ni a kan magani aka kuma gyara mini cin abinci, ƙarfina ya dawo, ina wuni a kasuwa lafiya lau. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, a ranar aka gano ina da hawan jini ma, wanda ban taɓa jin alamarsa ba. Don haka idan kin je, ki roƙa a haɗa miki da awon suga da na hawan jini, tunda ba su da tsada. Maza 'yan'uwana da ke karantawa, mu ma abin ya shafe mu, domin mu ne muka fi cewa gajiyar nema ce mu share.

Ina kuma da tambaya ga likitoci. A gidana idan mace ta haihu akan haɗa mata lemon malt da madarar gwangwani, wai yana ƙara jini. Shin da gaske ne, ko kuɗi kawai muke kashewa?

Likita, Katsina:

Assalamu alaikum. Malama, sannu da jiki. Abin da Hajiya ta rubuta daga Daura daidai ne, kuma ina roƙon ki amsa tambayoyinta na ƙarshe kafin komai. Zan fara da su, domin a nan ne jinkiri yake kashe mutum.

Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, inda tsokar zuciya ke saki ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samun wannan ciwo a duniya, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Yakan fara ne da gajiya da haki, abin da kowa a gida zai ce jego ne, shi ya sa mata da yawa ba sa isowa gare mu sai jiki ya kumbura. Kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, saboda haka mai jegon da ke haki ko kumburi ta dakatar da kunun kanwa har likita ya duba ta. Ana gano ciwon da hoton zuciya, wanda ake yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, kuma mata da dama suna samun sauƙi sosai idan an fara magani da wuri.

Ga duk mai fama da gajiya, mace ko namiji, akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Numfashi yana wahala ko mutum yana zaune, ciwon ƙirji, suma, rikicewar hankali ko barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, aman jini ko bahaya baƙi ƙirin mai kama da kwalta, jinin da ya ɓalle wa mace ya ƙi tsayawa, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko fitsari ya ɗauke: kowanne daga cikin waɗannan na sashen gaggawa ne, ko da tsakar dare. Haka nan wanda ya fara jin cewa gara ya mutu ya huta, ko uwar da tunanin cutar da kanta ko jaririnta yake zo mata. Idan babu ko ɗaya daga ciki, amma gajiyar ta wuce mako biyu zuwa huɗu, hutu bai kawar da ita ba, kuma tana hana mutum aikin da ya saba, to ya je a duba shi cikin 'yan kwanaki. Ya ƙara gaggautawa idan akwai rama, gumin dare, zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, idanu sun yi rawaya, ko wani ƙullutu a wuya, hammata ko mama.

A kan ƙarancin jini, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne himogulobin, wato sinadarin nan mai dakon iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya yi ƙasa da giram 12 a kowace desilita ta jini ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki), ƙasa da 13 ga namiji. A lissafin PCV, 12 ɗin nan ya yi daidai da kusan kashi 36 cikin 100. Sai dai gano cewa jini ya yi ƙasa rabin aiki ne, dole a tambayi ina yake tafiya. A wurinki haihuwa ce ta fi kusa, amma a wurin wasu jinin al'ada ne mai yawa, ko basir mai zubar da jini, ko gyambon ciki, ko tsutsar ciki, ko tsargiya ga masu shiga ruwan tafki da madatsun ruwa, ko maleriya mai maimaituwa a damina, ko sikila. Namiji ko macen da ta daina al'ada idan aka same su da ƙarancin ƙarfe, wajibi ne a binciki hanjinsu, domin wani lokaci ciwon daji ne ke tsiyayar da jinin a ɓoye.

Alhaji, amsar tambayarka ita ce lemon malt da madara ba sa ƙara jini. Malt ɗin suga ne mafi yawansa, madara kuma ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, har ma takan rage tsotse shi. Kuɗin da za a saye su, a sayi hanta ko wake da ganye ya fi amfani. Ruwan da ake ƙarawa ta jijiya shi ma ba ya ƙara jini, gishiri ne da suga a cikin ruwa, kuma ga mai raunin zuciya yana iya cika huhu ya jefa ta cikin hatsari. Game da ciwon suga, ma'aunin shi ne 7.0 ko sama da haka idan mutum bai karya ba, wato 126 a ɗaya lissafin da wasu na'urori ke nunawa, kuma akan maimaita kafin a tabbatar.

Maganar taifot da maleriya kuwa tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gwajin Widal da ake yawan yi yana nuna alamar taifot a jinin mutane masu yawa da lafiyarsu ƙalau, saboda jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ko danginta a baya. Taifot na gaskiya yana zuwa da zazzaɓi mai ɗorewa na kwanaki, ba kasala tsura ta watanni ba, kuma shuka jini a ɗakin gwaji, wato a ajiye jinin a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, shi ne ke tabbatar da shi. Na ga mutanen da aka yi wa maganin taifot sau da yawa a shekara guda, alhali tarin fuka ne ke cin su, ko ciwon ƙoda, ko ciwon hanta. Duk wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye, musamman da gumin dare da rama, ya kai kakinsa a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin kuma na wata 6 ne ga mafi yawan masu shi. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, kuma yakan zauna shekaru ba ya nuna komai sai gajiya. Shi da ƙanjamau duka da ɗigon jini ake gano su, kuma babu abin kunya a neman gwajinsu.

Saura abubuwa biyu da suka shafi mai jego kai tsaye. Na farko shi ne halittar nan ta gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo. Ita ke daidaita saurin aikin jiki, kuma a cikin shekarar farko bayan haihuwa takan rikice wa wasu mata. Idan aikinta ya yi ƙasa sai a ga kasala, jin sanyi ko ana zafi, ƙiba ba dalili, bushewar fata da taurin bahaya, kuma wani gwajin jini da ake kira TSH ne ke nunawa. Na biyu shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda a wurinmu ba kasafai mace ke cewa tana baƙin ciki ba, sai dai ta ce jikinta ya mutu, kanta yana nauyi, barci ba ya isarta. Idan kin lura kin daina jin daɗin abin da kike so a da, ko kina kuka ba dalili, har tsawon mako biyu, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Cuta ce mai magani, kuma ba ta nuna raunin imani. Ga magidanta kuma, wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa tsayawa cikin barci, sannan ya wuni yana gyangyaɗi, shi ma ya zo a duba shi, balle idan direba ne.

Tunda kuɗi ne damuwar, shawarata ita ce kada ki fara da ɗakin gwaji, ki fara da ganin likita a babban asibiti, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Tambayoyi da duba jiki da sauraron ƙirji su ne za su nuna gwajin da ya dace. A irin bayaninki zan fara da awon hawan jini, cikakken awon jini ko aƙalla PCV, suga, fitsari da gwajin maleriya, sauran kuma sai abin da aka gani.

Mai harhaɗa magunguna, Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Malama, Allah ya ba da lafiya. Ni haɗin maganin gajiyar nan zan tsaya a kansa, domin kullum sai an zo mini nemansa, tun daga 'yan acaba da masu dako har matan aure. Abin da ake ƙullawa a 'yar leda, ja da fari da rawaya ba tare da kwali ba, yawanci ya ƙunshi maganin kashe ciwo irin diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun, da farasitamol mai haɗe da kafeyin, wato sinadarin nan na kofi mai hana barci, sau da yawa kuma da dexamethasone ko prednisolone. Akwai masu jefa tramadol a ciki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke maganin dalilin gajiya, suna dai rufe ta na 'yan awoyi, shi ya sa kika ce yana riƙe ki rabin wuni.

Illar da ta fi shafarki ita ce, diclofenac da danginsa suna cin bangon ciki, musamman idan an sha su ba a ci abinci ba, har su haddasa gyambon da ke tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya sani ba. Wato mai ƙarancin jini da ke shan wannan haɗi tana iya ƙara rasa jinin ta hanyar maganin da ta saya don ta ji ƙarfi. Suna kuma lalata ƙoda idan an daɗe ana sha, balle a watannin Afrilu da Mayu da ake zufa ba a shan isasshen ruwa, suna tayar da hawan jini, kuma suna sa jiki ya riƙe ruwa, abin da ke da hatsari ga mai raunin zuciya. Dexamethasone kuwa yana tayar da suga, ya kumbura fuska, ya raunana garkuwar jiki. Yana da wata matsala ta daban: wanda ya yi makonni yana shan sa kullum, jikinsa yakan rage samar da nasa sinadarin mai irin wannan aiki, don haka idan ya yanke shi rana ɗaya zai iya faɗuwa da matsananciyar kasala, amai da saukar awon hawan jini ƙasa sosai. Saboda haka idan kin daɗe kina sha kullum, ki ɗauki ƙulli ɗaya ki tafi da shi asibiti gobe a ga abin da ke ciki, likita ya tsara yadda za a janye shi. Kina shayarwa kuma, tramadol yana bi ta nono ya isa ga jariri.

Ko magungunan asibiti na halal wasu suna kawo kasala, kamar maganin mura da ƙaiƙayi irin piriton, da maganin sa cin abinci da 'yan mata ke sha don ƙiba, da wasu magungunan hawan jini. Duk mai zuwa ganin likita ya tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya ya tafi da shi, har da jiƙe-jiƙe da garin gargajiya, kada ya ɓoye.

Malamar firamare, Ƙofar Marusa, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, amsar tambayoyinki ita ce ina kwanciya a kan matashi ɗaya lafiya, ba na tari, kuma na danna ƙafata ban ga ta lotsa ba. Amma na duba cikin idona kamar yadda kika ce, ya yi fari sosai, har maigidana ya tsorata da ya haɗa tafin hannunsa da nawa. Mun shirya za mu tafi asibiti gobe da safe in Allah ya kai mu, kuma zan tafi da ƙullin maganin. Likita, shin in tafi ban karya ba? Idan kuma aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ba za su cutar da yaron da nake shayarwa ba? Na taɓa shan su lokacin awon ciki suka riƙa tayar mini da zuciya.

Likita, Katsina:

Madalla, Malama. Rashin kumburi da tarin dare abin farin ciki ne, amma duk da haka ki gaya wa likitan cewa kina haki kuma ba ki daɗe da haihuwa ba, domin ya saurari zuciyar da kyau. Awon PCV ba ya buƙatar a ƙi karyawa, na suga ne ke buƙatar kimanin awa 8 ba a ci komai ba, ruwa kawai. Tunda kina shayarwa kuma kina jiri, ki ci abincin dare sosai, ki tafi da sassafe da abin karyawarki a jaka, ki ci da zarar an ɗebi jinin. Kada ki tafi ke kaɗai.

Ƙwayoyin ƙarfe ba sa cutar da jariri mai shan nono. Suna mayar da bahaya baƙi-baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma suna iya kawo tashin zuciya ko taurin bahaya. Idan sun dame ki, ki sha bayan ɗan abinci ko da dare, kuma ki gaya wa likita, domin ana iya mayar da ke shan ƙwaya ɗaya kullum ko rana bayan rana, wanda jiki ya fi jurewa. Kada ki haɗiye su da shayi ko madara. Yawanci ana fara jin sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu, a nan ne kuma mutane ke ajiye maganin, alhali ana so a ci gaba kimanin wata 3 bayan awon ya daidaita domin jiki ya sake tara abin da ya ƙare. Ki koma a sake awon bayan wata ɗaya, idan bai motsa ba to akwai inda jinin ke zuba ko wani dalili da za a nema. Idan kuma gobe aka ga ya yi ƙasa ƙwarai har aka ce sai an kwantar da ke, ko a ba ki ƙarfen ta jijiya, ko a ƙara miki jini, ku amince. Ki ajiye kwalbar ƙwayoyin inda yara ba za su kai ba, domin suna kama da alewa, kuma yaron da ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa. Allah ya ba ki lafiya, ki sanar da mu abin da awon ya nuna.